Ƙasashe Biyu a Shago Ɗaya

3 ga Maris

Uwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya kamar yadda muke nan. Ya karatu, ya baƙunta? Innarki ta ce kin yi waya ranar Juma'a kin tambaye ni. Kin san kunnen nan nawa ya riga ni yin ritaya, in aka kara mini waya sai in ji kamar ƙuda ya faɗa kwalba. Shi ya sa na ɗauko biro. Shekara talatin ina koya wa 'ya'yan mutane rubutu, bari ni ma in ci moriyarsa.

Babanki jiki da sauƙi. Ƙafafun ne suka kumbura, kuma ba ya iya kwanciya a miƙe, sai an tara masa matasai uku ya jingina. Likita ya ce zuciya ce ta gaji. Duk da haka kowace safiya sai an kai shi shago ya zauna a kan benci yana yi wa katako faɗa, tun da ba shi da ƙarfin jan zarto.

Shago yana nan yadda kika bar shi. Katangar falankin nan da suka raba shi da ita ta shekara goma sha ɗaya ke nan, har ta yi baƙi. Kina ƙarama aka yi abin, ban san ko an taɓa faɗa miki dalla-dalla ba. Lokacin da uwarmu, mai sunanki, take jinyar ajali, Baffanki yana daji sayen katako, Babanki bai aika masa da wuri ba, ya dawo ya tarar an binne ta. A gaban mutane ya ce wa yayansa, "Ka binne mini uwa kamar ba ni da rai." Washegari aka kafa falanki a tsakiyar shagon da ubanmu ya bar musu. Kowa yana jin tarin ɗan'uwansa, ba mai ce wa kowa sannu.

Amma ba a rasa ɗan motsi ba. Makon jiya kwalbar zuma ta zo wa Babanki daga wajen Baffanki, ta hannuna. A watan da ya wuce kuma man zafi ya je wa Baffanki daga wajen Babanki saboda gwiwarsa, shi ma ta hannuna. Kowa ya karɓi nasa ya yi gyaran murya ya kau da kai. Haka muke tafiya.

Wai ni me ake koya muku ne a jami'ar nan? Na tambayi Innarki ta ce sasanta ƙasashe. Na ce madalla, ga ƙasashe biyu nan a shago ɗaya, iyakarsu falanki. Ki fara da su kafin ki tafi gyaran duniya.

Ki riƙa cin abinci, hotonki na ƙarshe duk wuya ne.

'Yarki,
Gwaggo


17 ga Maris

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina gai da Baba da jiki, da Inna, da Baffa da mutanen gidansa. Ni lafiyata ƙalau, wuyan nan kuma gado ne, a wajenki na samo. Na ji daɗi da kika ce Baba da sauƙi, na kwana biyu hankalina ba a kwance ba.

Sunan karatun Hulɗar Ƙasa da Ƙasa. Muna koyon dalilin da ya sa ƙasashe suke yaƙi da dalilin da ya sa suke dainawa. Malamanmu sun kasu biyu. Wasu sun ce kowace ƙasa kanta kawai ta sani, ba ta jin maganar kowa sai ta mai ƙarfi. Wasu sun ce in aka yi ciniki tare aka sa hannu a takarda, sannu a hankali amana takan shiga. Ni ina tare da na biyun. A ɗakinmu mu huɗu ne, taswirar duniya na manna a jikin bango ta rufe inda fenti ya ɓare, 'yan ɗakin suna ce mini Majalisa.

A wannan zangon muna yin darasin sulhu da shiga tsakani. Wani dattijo ne yake koyar da shi, ya daɗe yana aikin jakadanci kafin ya dawo aji, muna ce masa Tsohon Jakada. Ya ce kowa ya zaɓi rikici guda ya rubuta yadda za a warware shi. Kowa ya ruga ɗakin karatu yana neman yaƙin da ya fi kowanne girma. Ni kuwa ranar wasiƙarki ta iso. Gwaggo, da na karanta inda kika ce in fara da su, sai da na yi hawaye. Ban taɓa zaton za ki ɗora mini wannan nauyin ba, kuma ban tsaya ɓata lokaci ba.

Abin da kika faɗa game da zuma da man zafi, a littafinmu sunansa matakan gina amana. Ɓangarori biyu sukan fara da ƙananan kyautatawa kafin su zauna. Matsalar su Baba ita ce sun yi shekaru a wannan matakin, ba wanda ya fito ya faɗa. Littafin ya ce mai shiga tsakani ya ba kowane ɓangare takarda iri ɗaya, kalma da kalma, don kada wani ya ce an fifita wani. Haka na yi. Na rubuta shafi uku. Sashe na ɗaya musabbabin rikicin, na sa maganar da Baffa ya faɗa yadda kika rubuto mini. Sashe na biyu na jera alherin da kowa ya yi wa ɗan'uwansa, na gode wa Baffa da zuma, na gode wa Baba da man zafi. Sashe na uku na ba da shawarar a cire falanki ɗaya kowane wata. Na bar musu wurin sa hannu a ƙasa.

Na aika shekaranjiya, kowa da ambulan ɗinsa, da adireshin shago. Kin san ba wanda zai ƙi maganata a cikinsu, sunan uwarsu ne a ƙasan takardar. Ban jira na shawarce ki ba don ina so ki sha mamaki.

Uwarki,
Majalisa


2 ga Afrilu

Ke,

Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Mamaki kam na sha, har na ƙoshi.

Na ɗauki biro sau uku ina ajiyewa, don abin da ya fara zuwa bakina ba na rubutawa ba ne ga mai sunan uwata. Wasa nake yi miki, yarinya! Wasa! Tun kina goye nake tsokanarki, yau ne za ki ɗauki maganata ki mai da ita aikin makaranta?

Bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Baffanki bai taɓa aiko da zuma ba. Babanki bai taɓa aika man zafi ba. Ni nake saye, ni nake kaiwa, in ce wa wannan ɗan'uwanka ne ya ce a kawo, in ce wa wancan haka. Da hula, da sabon tef ɗin awo, da gaisuwar ciwo, duk ni ce. Shekara goma sha ɗaya kowannensu yana zaune da tunanin ɗan'uwansa ne yake neman afuwa a fakaice, kunya ce ta hana shi furtawa. Da wannan tunanin suke iya kwana. Na san ramin ƙarya ƙurarre ne, amma na yi zaton nawa zai kai mu har inda ɗayansu zai sauko.

Takardunki tare suka iso, ranar Litinin da hantsi. Mai kawo wasiƙa ya miƙa wa wannan, ya zagaya ya miƙa wa wancan. Mai shayin da ke bakin shagon ya ce suna gama karantawa sai aka ji muryar Baffanki ta cikin falanki: "Wace zuma?" Can Babanki ya ce, "Wane man zafi?" Maganar farko ke nan da ta shiga tsakaninsu tun rasuwar uwarmu. Ki rubuta wannan a takardarki, wataƙila da maki a ciki.

Aka aiko kirana. Na tsaya a ƙofa inda dukansu suke ganina, kamar ɗalibar da aka kama da satar amsa. Baffanki ya karanta sashenki na ɗaya da ƙarfi, ya ce to yanzu har maganarsa ta shiga takarda, jikoki ma za su karanta. Ya ce, "Ni da nake cewa Yaya ya gane kuskurensa, ashe ko tunawa da ni ba ya yi." Babanki bai ɗaga murya ba, kuma nasa ya fi yi mini ciwo. Ya dube ni ya ce, "Ashe duk zumar nan da nake sha da asuba ina sa wa yaron nan albarka, ke nake sha wa." Ya ce a mai da shi gida. Tun ranar bai sake zuwa shago ba.

Sauran zumar ya sa Innarki ta mayar mini. Tana nan a kan tagata, tururuwa sun same ta.

Garin gyaran gira kin tsone ido, Uwata. Ina fushi da ke, ina kuma fushi da kaina da ban rufe bakina ba. Kada ki sake rubuta wa kowa komai.

Gwaggo


15 ga Afrilu

Gwaggo,

Ina gaishe ki, in za ki amsa. Ya jikin Baba? Don Allah ki faɗa mini gaskiyar yadda yake. Na kira Inna ta ce da sauƙi, na ce a ba shi wayar ta ce yana barci. Sau uku ke nan yana barci.

Na karanta wasiƙarki a matattakalar sashenmu, na kasa tashi har aka fito daga lacca aka riƙa tsallake ni. Ban da abin da zan ce sai ki yafe mini. Kin rubuta "ta hannuna" har sau biyu, ni kuma na wuce ta kai kamar ban iya karatu ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ranar Talatar nan Tsohon Jakada ya zo aji bai buɗe littafi ba. Ya ce yau zai faɗa mana abin da ba a bugawa. Ya ce a duk shekarunsa na aiki bai taɓa kai wa wani shugaba magana yadda abokin gabarsa ya faɗe ta ba, sai ya rage mata zafi a hanya, wani lokaci ma ya ƙara mata gaisuwar da ba a aiko ba. Ya ce, "Mai shiga tsakani jarinsa ɗaya ne, a yarda da shi. Kuma abin da bai nuna ba, kada ku kuskura ku sa shi a takarda." 'Yan aji suna ta dariya suna rubutawa. Ni na fita na shiga banɗaki na yi kuka. Da darasin nan ya zo wata ɗaya baya, da ban aika komai ba. Ke kin san shi ba tare da kin taka jami'a ba.

Takardar tawa na riga na miƙa ta tun kafin wasiƙarki ta zo, na canja musu suna na ce wasu 'yan'uwa ne. Na je in karɓo aka ce ta shiga hannun malam.

Jarrabawa saura mako uku. In kin ce in taho, gobe zan hau mota, kwana biyu ne a hanya, in durƙusa a gaban kowannensu. In na bar jarrabawar sai na maimaita shekara, amma wannan ba komai ba ne. Ke nake jira.

Uwarki mai laifi


27 ga Afrilu

Uwata,

Na amsa gaisuwarki. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Babanki yana nan, numfashin ne yake wahalar da shi, matasan ma sun daina riƙe shi, sai ya riƙa zamewa. Ki zauna ki yi jarrabawarki. Na tambaye shi, ya ce in kika bar karatu saboda shi bai yafe ba.

Ga wani abu da ya faru. Shekaranjiya Baffanki ya zo ƙofar gidana da kansa, ɗauke da kujera a ka. Ashe tun da ya daina jin tarin yayansa ta cikin falanki ya kasa sukuni, ya tambayi mai shayi, aka faɗa masa yadda yake kwana a zaune. Kwana tara ya yi yana yin ta. Bayanta a kishingiɗe, da wurin ɗora hannu, da wurin miƙe ƙafa. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinta, katako ne ya shiga cikin katako, irin haɗin da ubanmu ya koya musu wanda yanzu ba mai haƙurin yi. Ya dire ta ya ce, "Ki kai masa. Ki ce ni na ce." Na ce ka kai da kanka mana. Ya ce ba zai iya ba tukuna.

Na sa aka ɗauka har ɗakin Babanki, ina murna kamar an yi mini haihuwa. Na ce ga shi daga ƙaninka, wallahi wannan karon shi ya aiko. Ko kallonta bai yi ba. Ya juya fuska bango ya ce, "A wace kasuwa kika sayo wannan kuma?" Na rantse, na sake rantsewa. Ya ce, "Da zumar ma kin rantse." Ya sa aka fitar da ita tsakar gida.

Tana can kusa da randa, kaji suna hawa. Baffanki ya tambaye ni ko ya zauna a kai, na buɗe baki zan ce e, sai na tuna inda e ɗina ta kai mu. Na ce masa a'a.

Gwaggo


6 ga Mayu

Gwaggo,

Ina gaishe ku duka, ina yi wa Baba addu'a a kowace salla. Na yi jarrabawa biyu, saura uku, ranar sha tara zan gama in kamo hanya.

Kin hana ni ba da shawara, amma ki yi haƙuri da wannan ɗaya, ba daga littafi take ba. Ina ƙarama Baba yakan rufe ido ya shafa tebur ya faɗi wanda ya yi shi. Kada ki ƙara yi masa rantsuwa. Ki ja kujerar ki ajiye a hanyar da yake bi in zai zagaya, inda dole ya dafa wani abu. Hannunsa zai gaya masa.

An dawo mana da takardunmu. Tawa ce ta fi ta kowa maki. Tsohon Jakada ya rubuta da jan biro a ƙasa, "Tsari mai kyau. Da za a gwada shi, da ya yi aiki." Na ninke ta na sa a ƙarƙashin akwati.

Ki ce wa Baba saura kwana goma sha biyar ya gan ni.

Uwarki


16 ga Mayu

Uwata,

Ya haƙuri? Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Innarki ta faɗa miki ta waya. Ta ce za ki ƙarasa jarrabawar kamar yadda ya so. Zan ba direban motar safe wannan don ta same ki kafin ki taso, gara ki ji daga gare ni a takarda, don in kina gabana ba zan iya ba.

Wasiƙarki ta zo ranar Laraba, bayan mun yi kwana biyu da binne shi. Shawararki daidai ce, kuma ba ni na bi ta ba, Allah ne Ya yi. Innarki ce ta ja kujerar gefen hanya don ta yi shara. Ranar Litinin da safe muna riƙe da shi zai zagaya, numfashi ya ƙwace masa, ya kai hannu ya dafa ta. Sai na ga yatsunsa sun tsaya. Ya bi hannun kujerar da su har kusurwa, ya laluba ƙasa inda ƙusa ya kamata ta kasance, bai samu ba. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Har yanzu yana barin gefen hagu da kauri." Ya zauna a kai, ya jingina, ya ja numfashin da ya kwana biyu bai ja irinsa ba. Ya ce mini, "Je ki kira shi."

Uwata, da tsufana na yi gudu. Mayafina a hannu na isa shago. Na tarar da Baffanki yana goge wata ƙofa. Na ce Yaya yana kiranka, ya zauna a kujerar, ya ce ka zo. Bai ɗago ba. Ya ce, "Shi ya ce, ko ke kika ce?" Na ce shi ya ce. Ya ce, "Me ya ce, faɗi yadda ya faɗa." Na rikice, maganar gefen hagun ta ɓace mini, ita kaɗai ce da ya ji zai san ba ni na ƙirƙira ba. Sai rantsuwa nake ta yi. Ya ce in je, in ya gama ƙofar zai duba.

Na dawo ni kaɗai. Babanki yana kallon bayana, ya ga ba kowa. Na ce yana tafe. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ke dai." Wannan ce ƙaryata ta ƙarshe gare shi, kuma ya gane ta.

Ashe Baffanki bai gama ƙofar ba. Mai shayi ya ce ya yi ta goge wuri ɗaya, can ya jefar da abin aikin ya fito ko shagon bai rufe ba. Ya shigo da garin katako a gemunsa ana kiran azahar. Mun riga mun rufe Babanki da zane, a kan kujerar, don a nan ya cika. Baffanki ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Wannan karon an aiko mini." Da shi aka kai gawar maƙabarta.

Jiya na faɗa masa maganar gefen hagu, da ta dawo mini. Ya zauna a ƙasa ya yi kukan da ban taɓa ganin namiji ya yi ba.

Ban ɗora miki ba, kada ki ɗora wa kanki fiye da rabonki. Ke kin rubuta gaskiya ba a lokacinta ba, ni na yi shekaru ina ƙarya, ranar da na zo da gaskiya ba wanda ya karɓa. Ki gama karatunki. In wata rana aka aike ki tsakanin mutane biyu, ki riƙe maganar da aka ba ki da kyau, yadda aka faɗe ta.

Yau da safe na bi ta shago. Baffanki ya cire falankin duka, ba ɗaya a wata ba kamar yadda kika tsara. Ya jingine su a waje. Shagon ya yi faɗi ƙwarai, yana zaune a gefensa shi kaɗai, bai taɓa komai a gefen yayansa ba. Ya ce in tambaye ki, takardar nan taki mai wurin sa hannu biyu, shi kam ya sa nasa hannun, wa zai kai wa?

'Yarki,
Gwaggo